Tumaki Rabin Miliyan, Jiragen Yaƙi Huɗu

Duk wanda zai shiga tsibiran Fokland daga wata ƙasa ta jirgin sama, ta cikin bariki zai shiga, ko ya so ko bai so ba. Filin jirgin da ke karɓar baƙi, wato Mount Pleasant, sansanin mayaƙan saman Birtaniya ne, fasinja farar hula kuwa ɗan raɓe ne. Hanyoyin zuwa biyu ne. Ko dai ka bi jirgin da ma'aikatar tsaron Birtaniya ke tayarwa daga sansanin Brize Norton a Ingila, wanda kan ya da zango a tsibirin Ascension ya sha mai, ko ka bi na 'yan kasuwa mai tasowa daga Santiyago ta ƙasar Chile ran Asabar, ya tsaya a Punta Arenas ya kwashi sauran fasinja. Ni na biyun na bi. Tun muna sama aka ja mana kunne cewa ba a ɗaukar hoto, ko ta taga ko bayan an sauka. Abin da ido ya gani ma bai taka kara ya karya ba: dogayen rumfunan jirage, gajerun gine-gine a baje cikin busasshiyar ciyawa, waya mai ƙaya ta zagaye su. Ko itace ɗaya babu. A bakin tsanin jirgi iska ta tare mu, sai da na dafe hulata har cikin zaure.

Jami'an shige da fice na gwamnatin tsibirin ne, ba soja ba. Sun duba biza da tikitin komawa da wurin kwana, sannan suka nemi takardar inshorar da za ta biya kuɗin ɗauke mutum a jirgi zuwa wata ƙasa in ciwo ya fi ƙarfin asibitinsu.

Daga bariki zuwa Stanley, babban birnin, kimanin kilomita 55 ne, kuma a hanyar babu gari, babu ƙauye, babu mai tallar ruwa. Tumaki ne kawai, da wasu manyan duwatsu masu ruwan toka da suka gangaro daga kan tsaunuka suka jeru a cikin kwari. Faɗin tsibiran duka ya wuce murabba'in kilomita 12,000, ya ɗara rabin jihar Kano ke nan, amma mutanen da ƙidayar 2021 ta samu 3,662 ne, waɗanda unguwa ɗaya a Fagge za ta haɗiye ba a ji ɗuriyarsu ba. Tumakinsu sun kusa rabin miliyan. Gaɓar Ajantina tana yamma da su da kimanin kilomita 500, Landan kuwa kusan 13,000. To me ya kawo sansanin yaƙi irin wannan a makiyayar tumaki?

Sakaci ne ya kawo shi. Birtaniya tana riƙe da tsibiran tun 1833, Ajantina kuma, wadda ke kiransu Malbinas, ba ta taɓa daina cewa nata ne da ta gada daga Sifaniya ba. Amma kafin 1982 duk gadin da Landan ta ajiye a nan bai wuce sojojin kundumbala arba'in ba, ana canza su shekara-shekara. A 1980 wani ƙaramin minista, Nicholas Ridley, ya zo har Stanley yana tallar shawarar a miƙa wa Ajantina mallakar tsibiran sannan Birtaniya ta karɓe su haya. Mutanen gari suka yi masa ca. A 1981 aka sanar da shirin janye Endurance, jirgin ruwan soja ɗaya tilo da ke sintiri a yankin, kuma a shekarar ce aka yi dokar zama ɗan ƙasa da ta bar da yawa daga 'yan tsibirin ba su da cikakken 'yancin zama a Birtaniya. Janar Galtieri da abokan mulkinsa na soja a Buenos Aires, waɗanda tattalin arziki ya rikice musu jama'a kuma ta fara fitowa titi, suka karanta waɗannan alamu yadda kowa zai karanta su: mai gida ya gaji da gidan. Ran 2 ga Afrilu 1982 suka sauke sojojinsu a tsibiran. An yi sa'a ko rashin sa'a lokacin canjin masu gadi ne, sabbi sun iso tsofaffi ba su gama tafiya ba, duk da haka ba su kai ɗari ba. Suka yi harbi na 'yan sa'o'i a kewayen gidan gwamna, kafin Gwamna Rex Hunt ya umarce su su ajiye makamai.

Kwana 74 aka yi kafin a ƙwato tsibiran. Firayim Minista Margaret Thatcher ta turo rundunar jiragen ruwa, aka nutsar da jirgin ruwan Ajantina General Belgrano, mutum 323 suka mutu, aka ƙona jirgin ruwan Birtaniya Sheffield, aka sauka a San Carlos ran 21 ga Mayu, aka ratsa tsibirin a ƙasa cikin sanyin hunturunsu, ran 14 ga Yuni Janar Menéndez, kwamandan sojojin Ajantina, ya miƙa wuya. Ajantina ta rasa mutum 649, Birtaniya 255, da mata uku 'yan tsibirin waɗanda harsashin jirgin ruwan Birtaniya ya faɗa wa gidan da suka fake. Araha ba ta ado. Kuɗin da aka ƙi kashewa wajen gadi an kashe ninkinsa wajen ƙwato, sannan aka zo aka gina Mount Pleasant, aka buɗe shi a 1985, domin manyan jirage su iya kawo ɗauki daga Ingila cikin kwana ɗaya ko biyu maimakon makonni a teku.

Abin da ke cikinsa yau ba sirri ba ne. Jiragen yaƙi samfurin Typhoon guda huɗu, a shirye dare da rana. Jirgi ɗaya mai ba su mai a sararin sama, wani na jigilar kaya da sintirin teku, da jirage masu saukar ungulu na ceto. Makamai masu linzami na kakkaɓo jirage, waɗanda ake kira Sky Sabre, sun maye gurbin tsofaffin Rapier. Akwai ƙaramar rundunar sojan ƙasa da ake juyawa, da jirgin ruwan sintiri da ke kwana a tashar Mare Harbour kusa da barikin. A kan tsaunuka uku, Mount Kent da Mount Alice da Byron Heights, an kafa na'urorin hango jirage, inda 'yan tsirarun mutane ke zama makonni suna kallon allo. Jimillar soja da ma'aikatansu ta haura dubu, kuma ana ƙiyasta abin da ake kashewa ya wuce fam miliyan 60 a shekara. In ka raba wa 'yan tsibirin, kowane mutum ɗaya, har jariri, ana gadinsa da sama da fam 16,000.

Yadda rayuwa take a bayan wayar kuwa, a bakin wani Bahaushe na ji, a inda ban yi tsammani ba. Na hau tsaunin Tumbledown, wanda ke kallon Stanley daga yamma, inda aka gwabza a daren ƙarshe na yaƙin tsakanin rundunar Scots Guards da sojojin kundumbalar Ajantina. Har yanzu akwai ragowar tukwanen girkin soja na Ajantina masu taya, tsatsa ta cinye su, da guntayen bargo da takalma a ƙarƙashin duwatsu. A ƙolin akwai gicciye na ƙarfe, a gindinsa akwatin harsashi, cikin akwatin kuma tsumma ne da man goge tagulla, don duk wanda ya zo ya goge allon sunayen matattu kafin ya sauka. Na tarar da ayarin sojoji, wani hafsa yana nuna musu inda kowace ƙungiya ta bi a daren. Wani baƙin saurayi daga cikinsu ya yi ta kallon hulata. Da aka ba su hutun shan shayi sai ya matso.

"Salamu alaikum. Baba, ko Bahaushe ne?"

"Wa alaikumus salam. Samari, kai kuma daga ina?"

Ɗan zangon Kumasi ne, kofur a sashen jigilar kaya, ɗaya daga cikin 'yan ƙasashen rainon Ingila da ke aiki a rundunar Birtaniya. Ya russuna muka gaisa kamar a ƙofar gida, ya tambayi iyali da hanya, ya zuba mini shayi a murfin fulas ɗinsa. Na ce, "Kofur, me kuke yi a nan tun safe har dare, tunda ba yaƙi?"

Ya yi dariya. "Baba, jira muke yi. A duba mota, a duba taya, a kai kaya tasha, a dawo. Gobe a sake. Ran atisaye a fita daji a kwana cikin ruwa. Mu dai a gan mu, shi ne aikin."

Ya ba ni labarin wata rufaffiyar baranda mai tsawon kusan mita 800 da ta haɗa ɗakunan kwana da wurin cin abinci da kanti da wurin motsa jiki, yadda mutum zai yi mako bai taka waje ba in aikinsa bai fitar da shi ba. Masu girki da shara da gyaran famfo galibi 'yan tsibirin Saint Helena ne, da 'yan Chile da Filifin, wasunsu sun fi kowane kwamanda daɗewa a wurin. Soja kan yi wata huɗu zuwa shida ya tafi, su suna nan. Abin da ya fi damunsa, in ji shi, ba sanyi ba ne, lissafin lokacin salla ne. A Disamba rana kan fito kafin ƙarfe biyar na safe, ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, kuma shafaƙi ba ya gama ɓacewa, ka idar da lisha ka ɗan kishingiɗa sai asuba. A Yuni kuma tara na safe da sauran duhu. Ga rana tsaka tana tsayawa ta arewa. "Ranar da na fara zuwa, Baba, da inuwa na so in gane gabas, sai da na koma ga waya." Busar hafsansu ta katse mu. Ya karɓi murfin fulas ɗinsa, ya ce in sa shi a addu'a, ya bi sahu.

Maganarsa ta "a gan mu" ita ce gaskiyar wurin. Jirage huɗu ba za su ci yaƙi ba. An ajiye su ne don kada wani ya sake zaton an bar gidan ba kowa, kuma don su riƙe filin saukar har ɗauki ya iso. Amma abin mamaki, a cikin Stanley da wuya ka ga kaki. Garin gidajen kwano ne masu jan rufi da kore da shuɗi, a jere a gefen ruwa, da majami'a mai baka na ƙasusuwan kifin whale a gabanta, da mutum-mutumin kan Thatcher a titin da aka sa wa sunanta. 'Yan sandan tsibirin ba su da yawa, kurkukun ma a jikin ofishinsu yake. Na ga motoci a ajiye da makulli a jiki. Ɓarawon mota ina zai kai ta? Ban da 'yan sandan akwai rundunar sa-kai ta 'yan tsibirin, wadda asalinta ya koma 1892, kuma gwamnatin tsibirin ce ke biyan kuɗinta: makiyaya da malaman makaranta da ma'aikatan ofis, suna haɗuwa da yamma a yi fareti da koyon harbi, wani lokaci su fita atisaye tare da sojojin bariki, su ne 'yan jagora tunda sun san kowane kwari.

Uwar masaukina dattijuwa ce da aka haifa a nan, kakanninta ma haka. Tana budurwa lokacin mamayar. Ta tuna yadda aka wayi gari aka ce motoci su koma bin hannun dama, da dokar hana fita, da toshe tagogi da dare. Abin da ta fi daɗewa a kansa kuwa yaran Ajantina ne, 'yan shekara 18 da 19 da aka tilasta wa aikin soja, suna ƙwanƙwasa ƙofa a ɓoye suna roƙon burodi, suna tonon bola. Da yawa daga cikinsu sun ba da shaida bayan yaƙi cewa hafsoshinsu kan ɗaure wanda ya saci abinci a turaku, a ƙasa, cikin sanyi. Ta ce tana tausayinsu har gobe, amma duk sanda Typhoon ya wuce ta saman gari tagogi suka girgiza, barcinta ya fi daɗi a daren.

Gadin bai tsaya ga kwanciyar hankali ba, shi ya buɗe ƙofar arziki. Kafin yaƙin mutane raguwa suke yi, ba su kai 2,000 ba, ulu ne kaɗai abin sayarwa. Da sansanin ya tsaya da ƙafarsa sai Birtaniya ta shata yankin kamun kifi a kewayen tsibiran, daga 1987 aka fara sayar wa jiragen Sifaniya da Taiwan da Koriya ta Kudu lasisin kamun skwid, wani naman teku mai hannuwa da yawa. Da kuɗin nan ne gwamnatin tsibirin ke riƙe kanta a komai ban da tsaro, har tana tura yara karatu Ingila a aljihunta. Lasisi kuwa takarda ce kawai in babu mai hana wanda bai biya ba jefa koma.

Akwai wasu masu tsaron da ba su taɓa riƙe bindiga a nan ba, kuma su na fi so a sani. Sojojin Ajantina sun binne nakiyoyi sama da 20,000, suka bar filaye da gaɓar teku a killace kusan shekara arba'in. Waɗanda suka tone su galibi 'yan Zimbabuwe ne, mutanen da suka koyi sana'ar a kan iyakokin ƙasarsu, inda gwamnatin Rodeshiya ta shuka nakiyoyi lokacin yaƙin neman 'yanci. Daga 2009 zuwa 2020 suna durƙushe cikin taɓo da yashi, da gilashin kare fuska da na'urar gano ƙarfe da ɗan cebur, taku bayan taku, a iskar da ke kada mutum yana tsaye. Wasu nakiyoyin na roba ne, ƙarfen cikinsu ɗan mitsitsi, yashin gaɓa kuma yana tafiya da su daga inda taswira ta ce suna. A Nuwamban 2020 aka tayar da na ƙarshe a Yorke Bay, aka cire waya, mutanen gari suka kwarara bakin ruwan da iyayensu suka yi wasa a ciki su ba su taɓa takawa ba. Na je wurin. Farin yashi ne lallausa, tsuntsayen fengwin suna tafiyarsu ta rangaji. Su dama ba su taɓa barin wurin ba, nauyinsu bai isa ya tayar da nakiya ba. Wasu daga cikin 'yan Zimbabuwen sun zauna, sun kawo iyalansu, za ka gamu da su a kanti da wuraren gini.

Wata rana na ɗauki mota zuwa Goose Green, ƙauyen da sojojin Ajantina suka kulle mutum 114 a zauren taro kusan wata guda, kuma inda Laftanar-Kanar H. Jones na Birtaniya ya mutu yana jagorantar farmaki. Kusa da nan, a Darwin, maƙabartar sojojin Ajantina take, a wani gangare da ba a hango shi daga ƙauyen. Fararen gicciye sama da 200, an rataya wa kusan kowanne carbin Kirista, iska tana kaɗa su suna ƙara a jikin katako. Wani hafsan Birtaniya, Geoffrey Cardozo, shi ya tattara gawawwakin daga filayen daga ya binne su a 1983, ya rubuta inda aka tsinci kowa da abin da ke aljihunsa. Fiye da ɗari ba a san sunansu ba. Sai a 2017 ƙungiyar agaji ta Red Cross, da yardar ƙasashen biyu, ta tono su ta yi gwajin ƙwayoyin halitta, aka gane sama da 110, kuma a 2018 iyaye mata da suka tsufa suna jira suka zo suka zauna a gaban kabarin da ya tabbata na ɗansu ne. Ta Mount Pleasant suka sauka, kamar kowa.

'Yan tsibirin suna da amsa ɗaya ga duk mai tambayar halaccin wannan sansani: ƙuri'ar raba gardama ta Maris 2013, inda mutum 1,513 suka zaɓi ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya, uku kacal suka ce a'a. Ajantina ta ce ƙuri'ar banza ce, domin waɗanda aka dasa a ƙasar da aka ƙwace ba su ne za su yanke hukuncin mallakarta ba. Tana kafa hujja da ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1965 da ya nemi a tattauna, kuma tun 1994 ta sa da'awar a cikin tsarin mulkinta. Ni dai, bayan na zauna da mutanen da kakannin kakanninsu ke kwance a maƙabartar Stanley, ban ga yadda za a ce ba su da bakin magana ba.

Inda na ƙi bin Landan shi ne inda take cewa ƙa'ida ce take karewa. Ƙasar da ta tura runduna kilomita 13,000 don mutum 1,800 su zauna a gidajensu, ita ce tsakanin 1968 da 1973 ta kwashe mutanen tsibiran Chagos a tekun Indiya, waɗanda yawansu ya yi kusa da haka, ta zubar da su a Morishus da Seychelles don Amurka ta gina sansani a Diego Garcia. A can an kori mutane don soja, a nan an kawo soja don mutane. Mutanen Chagos baƙaƙe ne, jikokin bayin da aka kawo daga Afirka da Madagaska. Kotun Duniya ta ba da ra'ayi a 2019 cewa riƙon Birtaniya a can haramtacce ne, a 2025 kuma aka sa hannu kan yarjejeniyar miƙa wa Morishus mallaka tare da hayar Diego Garcia na shekara 99. Na faɗa wa uwar masaukina haka muna shan shayi, ina jiran ta fusata. Ta ce an zalunci mutanen Chagos, ba ta musu, kuma labarinsu ne ya sa ba ta sakin jiki da alkawarin kowace gwamnati a Landan. Ai ta ga Ridley da idonta.

Lissafin kuma yana sauyawa. A 2024 Ajantina ta sa hannu kan sayen jiragen F-16 guda 24 daga Denmark, bayan shekaru da dama ba ta da jirgin yaƙi mai gudun da ya wuce sauti. A arewacin tsibiran, cikin teku, akwai rijiyar mai ta Sea Lion da aka gano a 2010, wadda Buenos Aires ke cewa duk kamfanin da ya taɓa ta ya taka dokarta. 'Yan majalisar tsibirin sun sha faɗin cewa in kuɗin mai ya fara shigowa, za su so su ɗauki wani kaso na abin da ake kashewa a Mount Pleasant, don kada wata rana wani ministan kuɗi a Landan ya dubi fam miliyan 60 ya tambayi ko tumaki sun cancanci haka.